Tambayoyi da amsoshi kan sukar da ake yi wa matasan 'yan gudun dogon zango a intanet

Na yi shekaru ina fita da asuba da yara masu son gudu a nan Sakkwato. Muna haɗuwa bayan sallah, wata rana a filin wasa na Giginya, wata rana a bakin titi kafin motoci da 'yan kabu-kabu su cika shi. Duk sanda wani matashi ya yi bajinta a gudun dogon zango, namu ne ko na ƙasar waje, wayata ba ta hutawa. Iyaye su kira, abokai su turo hoton abin da aka rubuta a Facebook, yaran kuma su zo atisaye fuska a murtuke. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne kullum, shi ya sa na tara su wuri guda. Ba na hana kowa tambaya, domin wasan nan ya sha cin amanar masoyansa. Sai dai kowace shakka tana da ma'auninta da inda ake kai ta, kuma ƙasan hoton yaro ba ya cikin wuraren.

Me ya sa da zarar matashi ya yi abin mamaki sai a hau shi da zargi?

Wasu za su ce hassada ce kawai. Akwai ta, amma ba ita kaɗai ba. Yawancin masu sukar ba su taɓa ganin yaron ba sai ranar da ya ci. Ba su ga shekara huɗu ko biyar da ya yi yana fita cikin hunturu haƙoransa na kaɗawa ba, don haka a idonsu daga sama ya faɗo. Ga shi kuma kafafen sada zumunta sun fi tura maganar da ta tayar da ƙura. Wanda ya rubuta "Allah ya ƙara basira" mutum biyar za su gani, wanda ya rubuta "wannan ƙwaya ya sha" ɗari za su tanka masa.

To amma zai yiwu ɗan shekara 20 da 'yan kai ya yi irin wannan gudun da ƙarfinsa?

Ya yiwu, an kuma gani. Kelvin Kiptum na Kenya yana da shekara 23 ya yi gudun famfalaki na birnin Chicago, kilomita 42.195, cikin awa 2 da daƙiƙa 35 a ranar 8 ga Oktoba 2023, ya karya tarihin da Eliud Kipchoge ya kafa a Berlin a 2022. Gudun famfalakinsa na uku ke nan a rayuwa. Don ka gane nauyin abin, je filin Giginya ka zagaya da'irar mita 400 cikin daƙiƙa 69. Lafiyayyen saurayi zai iya sau ɗaya, watakila sau biyu, sannan ya dafa gwiwa. Kiptum ya yi irin wannan zagayen sau 105 a jere ba tsayawa. Kocinsa ya faɗa wa manema labarai cewa yakan yi kilomita 250 ko fiye a mako, kuma tun yana ƙaramin yaro mai kiwon dabbobin gidansu yake bin manyan 'yan gudu a baya. An yi ta zarginsa a intanet, amma har ya rasu a haɗarin mota tare da kocin nasa a watan Fabrairun 2024 ba a taɓa kama shi da laifin ƙwaya ba.

Ba shi kaɗai ba ne. Jacob Kiplimo na Yuganda yana da shekara 15 ya yi gudun mita 5,000 a gasar Olamfik ta Rio a 2016. Jakob Ingebrigtsen na Norway yana da shekara 17 ya cinye mita 1,500 da mita 5,000 a gasar manya ta nahiyar Turai a 2018. Emmanuel Wanyonyi, shi ma tsohon makiyayi daga Kenya, ya ɗauki zinariyar mita 800 a Faris a 2024 yana da shekara 20.

Wannan batu na kiwo yana taɓa ni, domin mu ne muka fi kowa sanin sa. Yaron da ya tashi yana bin shanu daga rugga zuwa fadama, ko yana ɗebo ruwa nesa da gida, ya tara tafiyar da ɗan birni bai tara ba. Zuciyarsa da huhunsa sun daɗe da fara atisaye tun kafin ya san ana ba da kyauta a kan gudu.

Ai an sha kama 'yan gudu da ƙwayoyin ƙara kuzari. Ba mu da hujjar yin shakka ke nan?

Kuna da ita. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Jemima Sumgong ta Kenya da ta ci famfalakin mata a Rio a 2016, a 2017 aka same ta da sinadarin EPO mai ƙara jini. Rhonex Kipruto yana da shekara 20 ya kafa tarihin duniya na kilomita 10 a kan titi a Valencia a 2020, sai a 2024 aka dakatar da shi, aka soke bajintar. Ruth Chepngetich da ta yi awa 2 da minti 9 da daƙiƙa 56 a Chicago a 2024, an dakatar da ita shekara 3 a 2025. 'Yan wasan Kenya da aka dakatar tun daga 2017 sun haura ɗari. Mu ma ba mu tsira ba: an kori Blessing Okagbare daga gasar Olamfik ta Tokyo a 2021, kuma a gasar nan 'yan Najeriya 10 aka hana shiga fili saboda ba a yi musu adadin gwajin da doka ta shar'anta ba.

Amma duba yadda aka kama kowanensu. Babu wanda tsokacin Facebook ya kama. Akwai hukumar yaƙi da ƙwayoyin wasanni ta duniya, WADA, da aka kafa a 1999, akwai kuma AIU da ta fara aiki a 2017 don sa ido kan 'yan guje-guje kaɗai. Babban ɗan wasa dole ya sanar da inda yake, ya ware awa ɗaya kowace rana da mai gwaji zai iya ƙwanƙwasa masa ƙofa ba sanarwa ya karɓi fitsari ko jini. Idan aka rasa shi ko ya yi kuskuren sanarwa sau 3 cikin wata 12, laifi ne ko da ba a sami komai a jikinsa ba. Ana kuma buɗe masa wani kundi da ake rubuta yanayin jininsa a kai a kai, ta yadda idan jinin ya yi wani sauyi da ba na halitta ba za a gane. Da wannan kundin aka kama Kipruto. Samfurin da aka ɗauka ana iya ajiye shi shekara 10 a sake gwadawa idan an sami sabuwar na'ura.

Tsarin yana da ɓaraka, ba na musu, masu kuɗi da likitocin banza suna neman hanyar zillewa kullum. Duk da haka laifin Kipruto nasa ne. Ba ya hawa kan wani yaro don kawai ƙasarsu ɗaya, balle kan ɗan Gidan Igwai da bai taɓa shiga jirgin sama ba.

Ana cewa yaranmu tramol suke sha kafin tsere. Gaskiya ne?

Tramol maganin kashe zafin ciwo ne. Ba ya ƙara jini, ba ya faɗaɗa huhu, ba ya mayar da malalaci ɗan tsere. EPO da ake kama manya da shi aikinsa daban, yana ƙara jajayen ƙwayoyin jini masu ɗaukar iska zuwa tsoka. Duk da haka WADA ta haramta tramol a lokacin gasa tun daga 1 ga Janairun 2024, kuma ni duk yaron da na gani da shi ranar ya bar cikinmu har sai mun zauna da mahaifinsa. Mai shan sa a zafin Sakkwato ba ya jin gargaɗin da jikinsa ke yi masa, yana iya faɗuwa a hanya. Mun san yadda shaye-shaye ya addabi unguwanninmu, shi ya sa wannan ƙazafin ya fi kowanne ciwo. Yaron da gudu ya raba da majalisar banza, shi ake jifa da abin da ya guje wa.

Batun shekaru fa? Wasu fuskarsu ba ta yi kama da ta yara ba.

Nan ne na fi so a tsaya. Da farko a rarrabe: a tseren da kowa ke shiga, kamar famfalakin Legas da aka fara a 2016 ko tseren kilomita 10 na Okpekpe a jihar Edo, shekaru ba su da wani tasiri a kan kyauta ta gaba ɗaya. Wanda ya riga kai wa shi ya ci. Shekaru suna shigowa ne a gasar 'yan ƙasa da 18 ko 'yan ƙasa da 20, kuma a can rage shekaru sata ce, domin ƙato ya ƙwace rabon yaro.

Ƙasarmu tana da tabo a nan. A 1989 FIFA ta dakatar da Najeriya shekara 2 daga gasannin matasa saboda saɓanin ranakun haihuwar wasu 'yan ƙwallo, kuma tun 2009 ake ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu a gasar 'yan ƙasa da 17. Don haka idan mutum ya ɗaga gira, na san inda abin ya samo asali.

Sai dai fuska ba takardar haihuwa ba ce. Akwai wani yaro cikin nawa, daga wani ƙauye yake a hanyar Wurno, yana zaune wurin kawunsa a Mabera. Ya tashi a gona da rana, fatarsa ta ƙone, ga ƙasusuwan kumatu a fili kamar kowane ɗan gudu. Ya ci wani tseren matasa, wani ya ɗora hotonsa yana riƙe da kofi. Washegari na same shi a teburin mai shayi, shayin ya huce a gabansa, biredin ko ɓallewa bai yi ba, yana ta jan allon waya da babban yatsa. Wani ya rubuta, "Wanga ai ya aje ɗiya ukku gida." Wani ya ce a duba jakarsa za a ga sacet. Mutum fiye da yadda zai iya ƙirgawa sun sa alamar dariya. Ya miƙo mini wayar hannunsa na rawa, ya ce, "Malam, mi niy yi masu?"

Na san wannan yaron tun muryarsa ba ta fashe ba. Na kuma san dalilin da ya sa ba shi da takardar Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa: a gida aka haife shi, kamar dubban yaran karkara, ba wanda ya je ya yi masa rajista. Kawun nasa ne ya hau mota ya je ƙauye, ya dawo da katin rigakafi da innarsa ta adana cikin kwalla tsakanin zannuwa, ya yi laushi har ya kusa rabewa biyu, amma shekarar tana nan da biro. Rajistar shigarsa firamare ma ta yi daidai da ita. Masu shirya tseren sun gamsu. Waɗanda suka rubuta abin da suka rubuta kuwa, ko ɗaya bai dawo ya goge ba.

Ba takalman zamani ne ke yi musu gudun ba?

Suna taimakawa, ba ƙarya. Tun da Nike ta fitar da Vaporfly a 2017, mai kaurin soso da wani faifai mai tauri na kabon a ciki, lokutan gudu suka sauka a duniya. Bincike ya nuna yana rage ƙarfin da ɗan gudu ke kashewa da kimanin kashi 4 cikin 100. Shi ya sa a Janairun 2020 hukumar guje-guje ta duniya ta kafa doka cewa tafin takalmin tseren titi kada ya wuce milimita 40, faifan kuma kada ya wuce ɗaya. Wanda zai gwada lokacin yau da na Abebe Bikila, ɗan Habasha da ya ci famfalakin Rum a 1960 ba takalmi, dole ya sa wannan a lissafi. Amma a layin farko na kowane babban tsere yanzu kowa irin sa yake sawa, kuma mutum ɗaya ke ci. Nawa yaran dai takalman gwanjo suke sawa, wasu sai an kai wa mai gyara ya ɗinke baki.

Wani ya auna hanyar da wayarsa ya ce ba ta kai ba. Wa za a yarda da shi?

Wannan tambaya ce mai kyau, kuma masu shirya tsere ake yi wa ita. Hanyar da duniya ta amince da ita ana auna ta ne da keke mai ɗauke da ma'aunin juyin taya, wanda aka fara daidaita shi a kan miƙaƙƙen wuri da aka auna da tef, kuma ƙwararren da hukuma ta tantance ne ke yi. Akwai sharuɗɗa ma kan gangara: idan hanya ta sauka fiye da mita 1 a kowace kilomita, ba a karɓar tarihin da aka kafa a kanta, dalilin da ya sa famfalakin Boston duk da sunansa ba a kafa tarihin duniya a can. Waya da agogon hannu kuwa suna kuskure, musamman a kwana da tsakanin gine-gine. Yawancin tserenmu na cikin gida da ma'aunin mota ake auna su, don haka ni da kaina ba na ɗaukar lokacinsu da muhimmanci, matsayi nake dubawa. Idan hanya ta gaza, yaron da ya bi ta inda aka nuna masa ba shi ya gajarta ta ba.

Ku tuna abin da ya faru a 2022, duk da cewa ba dogon zango ba ne. Tobi Amusan ta yi mita 100 na tsallake shinge cikin daƙiƙa 12.12 a Oregon ta Amurka, ta kafa tarihin duniya, tsohon zakara Michael Johnson ya ce yana shakkar agogon filin. 'Yan Najeriya suka yi masa ca, har da zagin da bai dace ba. Shi agogo ya tuhuma, bai tuhumi yarinyar ba, hukuma kuma ta duba ta tabbatar da tarihin. Mun ji zafi a ranar. Abin da ke ba ni mamaki shi ne wasu daga cikin masu kare Amusan su ne ke yi wa ɗan unguwarsu abin da ya fi wannan muni.

Wasu ba zargi suke yi ba, raini ne. Suna cewa lokacinsa ko kusa da na 'yan Kenya bai kai ba.

Bai kai ba, kuma ba abin kunya ba ne. Garin Iten da 'yan Kenya ke atisaye yana kan tudu mai tsayin kusan mita 2,400, inda ƙarancin iska ke sa jiki ya ƙara jini da kansa. Jos ta kai kimanin mita 1,200, shi ya sa 'yan Filato, musamman na wajen Pankshin, suka fi kowa a Najeriya, kuma tsaunin Mambila ya fi Jos ma. Sakkwato ko mita 400 ba ta kai ba. Ga zafi: manyan lokuta a sanyin Berlin da Valencia ake yin su, mu kuwa a watan Afrilu ma'auni yana haura 40. A Doha a 2019 da tsakar dare aka fara famfalakin mata don gudun rana, duk da haka 28 cikin 68 ba su ƙarasa ba, kuma zaɓaɓɓun duniya ne. Abbas Mohammed na Najeriya ya yi famfalaki cikin awa 2 da minti 16 a 1990, aka yi shekaru aru-aru ba ɗan Najeriya da ya kamo shi. Yaron da ya fito daga nan ya shiga goman farko cikin 'yan Filato ya yi abin a yaba.

Me ya sa abin ya fi tsanani a kan 'yan mata?

Binciken da hukumar guje-guje ta duniya ta yi lokacin gasar Tokyo ya gano kashi 87 cikin 100 na cin zarafin da aka yi wa 'yan wasa a Twitter a kan mata ya sauka. A wurinmu kuma ana haɗawa da tufafi da tarbiyya da aure, a zagi yarinya a zagi iyayenta. Doka ba ta tilasta wa kowa gajeren kaya ba. 'Yan matan da ke fita da mu da dogon wando da riga mai hannu da ɗan hijabi suke gudu, da izinin iyayensu, kuma akwai malama mace tare da su. Sifan Hassan, haifaffiyar Habasha mai yi wa Holan gudu, da hijabi ta hau karɓar zinariyar famfalaki a Faris a 2024. Wanda ke da nasiha ta gaskiya ya san gidan su yarinyar, ya san yadda ake sallama.

Idan ina da shakka ta gaske, me zan yi?

Ka rubuta wa masu shirya tseren ko ƙungiyar guje-guje ta jiha, ka faɗi abin da ka gani da idonka: a ina, yaushe, wa ke wurin. Idan babban ɗan wasa ne, AIU da WADA duk suna da hanyar kai rahoto a asirce a shafukansu. Idan kuwa duk abin da kake da shi shi ne "jikina ya ba ni", to ka riƙe shi a ranka. Malamanmu sun sha faɗa mana hukuncin zato da na yaɗa labarin da ba a tantance ba, kuma rubutun waya bai fita daga wannan hukuncin ba.

Ɗana ne ake zagi. Me ya kamata in yi?

Ka karɓi wayar na 'yan kwanaki, cikin lallashi, kada ya ɗauka horo ne. Kada ka shiga ramuwa, kada ka bar 'yan uwansa su shiga, domin kowace amsa ƙara wa maganar tafiya take yi. Abin da ya kai barazana ko ƙazafi ƙarara ka ɗauki hotonsa ka ajiye, ka kai ƙara ga kafar da aka rubuta shi. Ka je ofishin Hukumar Ƙidaya ka yi masa takardar haihuwa tun yau, ka haɗa da katin rigakafi da shaidar firamare a leda ɗaya. Kowane magani zai sha, ko na mura ne, ya nuna wa kocinsa tukuna, domin wasu magungunan kemis suna cikin jerin haramtattu.

Sannan ka lura da cinsa da barcinsa. Yaron da aka ce bai isa ba yakan ninka atisaye a ɓoye don ya rufe bakin mutane, daga nan sai ciwon ƙwauri da tsagewar ƙashi. Ka zo filin ko sau ɗaya ka tsaya ya gan ka.

Yaron Mabera da ka ambata, yana gudu har yanzu?

Ya yi kusan wata biyu bai zo ba. Kawunsa ya ce da asuba yakan ji ya tashi ya ɗaura takalmi, sai ya zauna a bakin ƙofa har gari ya waye, ya kwance. Ban matsa masa ba, nakan dai biya ta shagon da yake taya kawun jira in sayi ruwan leda mu gaisa. Wata Asabar cikin hazo muna miƙa ƙafa sai ga shi daga nesa, da hular sanyi har kunne. Bai ce komai ba, ya shiga layin baya. Da muka kai zagaye na shida ya dawo inda ya saba, a gaba. Wayar tana wurin kawunsa, shi ya ce a ci gaba da riƙe masa ita sai bayan tsere mai zuwa.